Sittin da Huɗu

Iskar daren Talata ta kayar da bishiya mai farin ɓawo,
ta gicciye hanyar gonarmu, ko motar madara ba ta wucewa.
Na shiga rumfar Baba na sauko da injin zartonsa,
shekara biyu yana rataye tun ranar da muka binne mai shi.

Sai a ja na biyar ya tashi, da ruri, da tari, da hayaƙi.
Na ɗora shi kan itacen na danna har kafaɗata ta sage,
ba abin da yake zubarwa sai gari mai laushi kamar fulawa,
yankan ma ya karkace hagu, kamar mai jin kunyar aikin.

Na kama hanyar Aluksne, shagon tsoho Visvaldis.
Na ce, sarƙa nake so.
Ya sauke tabarau ya ce, wace iri, Spodra?
Sai na ji kamar an ce in faɗi yawan gashin kaina.

Ya ce, sarƙa ba igiya ba ce da za a auna da hannu.
Akwai tazarar haƙori, akwai kaurin ƙafar da ke bin kwararo,
akwai yawan ƙafafun, in ɗaya ta yi ƙari ko ta gaza
kin sayi abin wuya ne, ba abin yanka ba.
Duba gindin takobin, an buga lamba a wurin.
Muka duba. Tsatsa da shekaru sun lashe ta sarai.

Ya shimfiɗa tsohuwar a kan tebur, ya miƙo mini alli:
yi alama, ki ƙirga.
Na ƙirga na ɓata, na sake, hannuna duk baƙin mai.
Sittin da huɗu.

Ya zaro guda biyu. Wannan mai bakin kusurwa ce,
tana gudu a itace mai tsabta, amma ƙasa kaɗan ta ishe ta dakushewa.
Wannan mai zagayayyen baki, ba ta da gaggawa, tana da haƙuri.
Taki bishiyar a taɓo ta kwanta, ƙanƙara ta daskare a ɓawonta,
ɗauki mai haƙurin.

Magagari fa? Ya yi dariya har haƙorinsa na ƙarfe ya fito.
Siriri yakan ƙwaƙule gindin haƙori, ya bar masa ƙugiya mai saurin karyewa.
Mai kauri yakan shafe bakin, ya bar shi yana lasa ba cizo.
Naki huɗu da ɗigo takwas ne. Amma kada ki saya tukuna,
Ojars bai taɓa rasa magagari ba, je ki duba gida.

Cikin gwangwanin shayi na same su, guda uku a tsumma,
biyu sababbi fil, ɗaya mariƙinsa ya lotsa daidai babban yatsa.
Na ɗaga kai. Jikin katakon bango, da fensir, da rubutunsa mai jirkice:
64. 4,8.
Kullum ina wuce shi in zan ɗauko tsintsiya.

Na ɗaure tsohuwar sarƙar na fara koyo a kanta.
Daga ciki zuwa waje, turawa kawai, a ɗaga in za a dawo,
uku uku kowane haƙori, kada a fifita wani.
Na shafa wa na farko jan farce don kada in zagayo ban sani ba.
Yatsana bai cika gurbin nasa ba, da saura.

Da hantsi na sa sabuwar. Takobin ya nutse da kansa,
ɓarɓashi manya manya suna tsalle kan dusar ƙanƙara,
ƙamshin ɗanyen itace ya cika mini hanci.
Gunduwa tara na yi kafin Guntis ya iso da motar madara,
ya yi ham sau biyu, ya leƙo ta taga:
a ajiye mini biyu in sun bushe!